Rariyar da Haliru Ya Toshe

Ranar da abin ya fara babu wata alama. Rana ta sunkuya bayan gidajen Wurno, hayaƙin murhu ya kwanta a kan katangu, awaki suna shigowa ɗaya bayan ɗaya ba tare da an koro su ba. Uwaliya tana tuƙa tuwon dawa a bakin murhu. 'Yarta Raihana, wadda ita kaɗai Allah ya bar musu cikin haihuwarsu, tana kwashe shanya daga igiya. Maigidan, Haliru, ya tsuguna da buta yana alwala.

Sai wani abu ya faɗo a kan kwanon ɗaki, ƙwal, ya gangaro ya tsaya a gaban Haliru. Dutse ne, bai kai ƙwan kaza ba. Kafin ya miƙe na biyu ya sauka kusa da tukunyar miya. Na bayansa ya faɗi a tsakar gida a hankali, kamar an ajiye shi da hannu. Daga nan gida ya yi tsit. Awakin da ke cin dusa suka ɗaga kai, suka zuba wa katangar gabas ido, ba su ƙara motsi ba.

"Maigida, mi na wanga?" in ji Uwaliya, murya ƙasa-ƙasa.

Haliru ya ajiye buta. Katangar ya kalla shi ma, don a ransa ya riga ya yanke hukunci. Da ya san hukuncin nan zai kusa cin ran 'yarsa, da ya ɗan dakata. Amma Haliru ba mai dakatawa ba ne.

Bayan katangar gidan Baba Mode ne, dattijo mai tufkar igiya, shi da matarsa Inna Asabe da jikokinsu. Tun zamanin kakanni gidajen biyu suke manne da juna. Gidan Mode yana tudu, na Haliru yana gangare, saboda haka a gindin katangar akwai rariya, wadda ruwan sama da na wanke-wanke ke bi daga gidan sama, ya ratsa gefen tsakar gidan ƙasa, ya fita lungu. Haka unguwar take duka. Kowa yana karɓar ruwan na sama da shi, yana miƙa wa na ƙasa, kuma babu wanda ya taɓa ganin abin magana a ciki.

Haliru ne ya gani. Manomin albasa ne mai ƙoƙari, wannan ba a ƙwace masa ba, amma mutum ne da in ƙuda ya sauka masa a hanci sai ya nemi wanda ya aiko shi. A shekarar ɓarayi sun addabi fadama, sai ya kafa rudunsa a cikin gida, wato rumfar kara da ciyawa da ake jibge albasa a ciki ta jira tsada. Ya kafa shi kuwa daidai inda ruwan rariya ke wucewa. Albasa ba ta shiri da laima. Da ta fara ruɓa daga ƙasa, Haliru bai ce rudu ne ya zauna a hanyar ruwa ba, ya ce Mode ne ke sako masa ruwa da gangan don hassada. Ranar kasuwar Gandi ya je wurin wani mai magani ya karɓo laya da rubutu a gora. Ya yayyafa rubutun a kusurwoyin gida, ya cusa layar can ƙuryar rariya da sanda, ya kwaɓa siminti da tsakuwa da ragowar rubutun, ya danƙare ramin. Mode ya aiko a ba shi magana, Haliru ya ce a faɗa wa tsoho kowa ya sha ruwansa. Washegarin wannan aiki ne dutse ya fara sauka.

Daga ranar, da rana lafiya lau. Amma da inuwa ta cinye tsakar gida, kaji suka shiga akurki, sai jifa ta tashi. Ba ta taɓa samun kowa ba, sai dai ta faɗi dab da mutum. Bayan jifa kuma sai murya. Muryar mace ce, siririya, tana fitowa daga wajen katanga, irin kiran da uwa ke yi wa ɗanta in abinci ya sauka, sai dai ba a jin sunan da take kira. Uwaliya ta mayar da girki tun la'asar. Raihana ta daina waƙe-waƙen da take yi in tana shara. Tsoro ya zauna a gidan, har hira ta ƙare.

"Maigida, wanga abu ba na mutane ba na," in ji Uwaliya. "Mu nemi malamai."

"Na mutane na, kuma na san su. Jikokin Mode ka jifa, tsohuwatai ka wanga kuka don su tada mu."

Mai unguwa ya kira Haliru da Mode sulhu, ya ce a buɗe rariya, a matsar da rudu, kowa ya huta. Haliru ya ce an haɗa baki da Mode. Ya tsince duwatsun a buhu, ya tafi kotun alƙali ya shigar da ƙara, yana neman a yi masa tsakani da maƙwabcinsa.

Baba Mode bai taɓa taka ƙofar kotu ba sai ranar. Ya tsaya da farin gemunsa, Haliru ya zazzage buhun duwatsu a gaban jama'a yana ta zuba bayani.

"Ranka shi daɗe, ni ban jehi kowa ba," in ji Mode. "Mu ma ba mu da sukuni. Kullum magariba muna jin kukan jinjiri gindin katanga, alhali babu jinjiri gidana."

Mutane suka kwashe da dariya, har da masu jiran tasu shari'ar. Haliru ba shi da shaidar da ta ga mai jifa, sai ya ce shi dai tsoho ya rantse. Aka sa Mode ya yi alwala, aka miƙa masa Alƙur'ani, ya rantse a gaban yaran da ya ga haihuwar iyayensu. Alƙali ya yi tsakani: kada ɗan wannan gida ya taka ƙofar wancan, kada magana ta haɗa su, kada kowa ya taɓa katangar ko rariyar har sai kotu ta aiko masu dubawa. Wanda ya karya, gidan yari. Haliru ya fito yana baza riga. Uwaliya kuwa da labari ya iso mata sai ta shiga ɗaki ta yi kuka, don Inna Asabe ce ta karɓi haihuwar Raihana.

A yammacin ranar jifa ta fi ta kullum. Mode kuwa ya riga ya tura jikokinsa wurin dangi a Rabah tun da safe, unguwa duka ta sani. Haliru ma ya sani. Ya zauna a ƙofar ɗaki yana jin duwatsu suna sauka a kan kwano, yana ce wa kansa ai tsoho yana iya hayar 'yan jifa. Girman kai rawanin tsiya ne, shi kuwa ya naɗa ya zauna masa daram.

Ba a daɗe ba, wata magariba Uwaliya ta tuna ta bar ƙwarya a bakin rudu, ta aiki Raihana ta ɗauko. Shiru, shiru, yarinya ba ta dawo ba. Uwar ta leƙa. Can gindin katanga ta hango ta a durƙushe, ta kafa kai a jikin simintin, tana ƙwaƙularsa da farce. Yatsunta duk jini. Uwaliya ta kama kafaɗarta, ta ji kamar ta kama turmi. Sai da Haliru ya zo suka haɗa ƙarfi kafin suka ɗaga ta. Idonta a buɗe yake amma ba su take gani ba. Ta buɗe baki, sai ga kiran nan da suka saba ji daga katanga yana fitowa daga maƙogwaronta.

Tun daga wannan rana ba a sake jifa ba, kuma da ma a ce jifar ce ta ci gaba. An kai Raihana asibiti, aka auna ta, ba zazzaɓi ba komai, aka ƙara mata ruwa aka sallamo su. Ba ta ci, ba ta sha sai an ɗura. Wuni take a kwance kamar tsumma, amma da rana ta yi ja sai ta miƙe ta nufi katanga, dole a ɗaure ta da zane a jikin gado. Wuyanta ya zama sili-sili. Haliru ya daina zuwa fadama. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa sani ba, domin ya gane babu alƙalin da zai kai wa wannan ƙara.

Kabiru, yayan Uwaliya, shi ne ya tafi Goronyo ya zo da Malam Almustapha. Siririn mutum ne mai ƙarancin magana, bai zo da komai ba sai carbi da gorar ruwa. Sun iso bayan la'asar. Malam bai fara da yarinyar ba, sai da ya zagaya gidan a hankali, ya tsaya a gaban simintin da ke da shatin jini.

"Mi ag ga nan ciki?"

"Siminti na kawai, Malam."

Malam ya ɗago ya dube shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Haliru ya sunkuyar da kai ya faɗi zancen laya da rubutu.

"Sunan Allah kas sa cikin rariya," in ji Malam Almustapha. Bai ɗaga murya ba, amma Haliru ya gwammace mari.

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka fito da Raihana, uwarta ta rufe ta da mayafi ta riƙe mata kai. Malam ya zauna ya fara karatu. Muryarsa ba ta da ƙarfi, tana tafiya a hankali kamar ruwa a kwari. Iska ta tsaya. Tantabarun da ke kan katanga suka tashi gaba ɗaya. Can sai yatsun ƙafar yarinyar suka fara karkarwa, karkarwar ta hau jikinta, ta banƙare, ta saki wani nishi da ba na yarinya ba.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

Muryar babbar mace ce, a dushe, irin ta wadda ta daɗe tana kira. Uwaliya ta rintse ido tana salati.

"Wa ke nan?"

"Maƙwabciya."

"Sunanki nika tambaya."

"Habi. Kuma ni musulma ta."

"In ke musulma ta, mi yak kai ki jikin ɗiyar mutane?"

Kan Raihana ya juya a hankali har idonta ya sauka a kan Haliru. "Tambayi ubanta. Tun ba a haihi kakanai ba muna bin rariyar ga. Ɗakinmu na can gindin randar Mode, wurin sanyi. Ran nan da rana na aje jinjirina, na ƙetaro nan in tsinci ƙashi. Ina juyowa na ishe an liƙe hanya, an zagaye gida da abin da ba ni iya ƙetarewa. Ya ruhe don kada a shigo, bai tambayi wa ac ciki ba."

Kabiru ya dafa bango.

"Na yi sallama da tsakuwa, ban hwasa kan kowa ba. Na yi kira har muryata ta mutu. Sai yat tashi yak kai tsoho ga alƙali. Shi ya samu mai yi mai tsakani. Ni ina zan kai tawa ƙara, Malam? Kullum ina jin kukan ɗana bayan katanga. Yanzu kukan ya ƙanƙance, sai na kasa kunne nika jin shi."

"An zalunce ki," in ji Malam Almustapha. "Amma yarinyar ga ba ta toshe komi ba. Hita, sannan a yi magana."

"Ba ni hita. Ɗiyatai na hannuna, ɗana na hannunai. In nawa ya tahi, tashi ma ta tahi."

Malam ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Aljanar ta yi ta kururuwa, amma ba ta saki ba, kuma jikin da ake fafatawa a kansa ba shi da sauran ƙarfi. Leɓen Raihana ya yi fari, numfashinta ya fara yankewa. Malam ya lura, ya tsaya.

"In an buɗe hanya?"

"In ruwa ya ratso rariyar ga kamin rana ta hwaɗi, in tahi. Ɗana ba shi kai gobe." Ta ƙara da cewa, "Kuma a yanka mani baƙin bunsuru, ladar wahala."

"Ba a yanka maki komi. Yanka na Allah na. Hanya dai haƙƙinki ta, za a ba ki. Ki rantse da wanda yah halicce ki ba ki komowa ga yarinyar ga, ba ki sake taɓa ɗan Adam, ke da zuri'arki."

Sannan ta rantse, kalma bayan kalma, yadda ya biya mata.

Haliru ya ruga ya ɗauko guduma. Ya manta da alƙali, ya manta da gidan yari, ya shiga dukan siminti da iyakar ƙarfinsa. Amma simintin da aka kwaɓa da fushi ya fi katangar ƙasa tauri. Shi bai ko ɓantare ba, katangar ce ta tsage daga gindi, tsagar ta yi sama, ƙasa ta fara zubowa. Kabiru ya riƙe masa hannu.

"Bari, za ka kada ta bisa ɗakin Inna Asabe. Kai da kanka ka ce layar na can ƙurya. Daga wajensu ɓawo na kawai, bugu kaɗan ya isa."

Haliru ya dubi rana. Ta sauko har ta zauna a kan bishiyar darbejiyar lungu. Ya ajiye guduma ya fita.

Tsakanin ƙofarsa da ta Mode ba nisa, amma bai taɓa tafiya mai nauyinta ba. Mutanen unguwa da suka taru saboda kururuwar suka dare masa hanya, kowa ya san abin da alƙali ya faɗa. Baba Mode yana zaune a bakin zaurensa yana tufka. Haliru ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Baba."

Tsohon bai ɗago ba. "Alƙali ya ce kada magana ta haɗa mu."

"Baba, Raihana za ta mutu."

Hannun Mode ya tsaya a kan igiya. Haliru ya faɗa masa komai: layar, aljanar, jinjirin da ke gindin randa, da ranar da ke shirin faɗuwa. Da ya zo kan jinjirin sai tsohon ya lumshe ido.

"Na hwaɗi haka kotu, anka yi man dariya," in ji shi. "Kai kas sa anka ba ni Littahi in rantse gaban yara. Yanzu kana so in taɓa katanga, gobe ka kai ni gidan yari."

"Wallahi, Baba..."

"Wallahinka na ji shi can."

Ya miƙe da ƙyar, ya naɗe tabarmarsa, ya shige gida ya turo ƙyaure.

Haliru ya dawo ba takalmi, bai ma san ya baro su ba. Uwaliya ta dubi fuskarsa sau ɗaya ta kau da kai. Hasken rana ya bar tsakar gida, ya hau katanga, ya rage a can samanta kamar zare. Malam yana jan carbi. Ƙirjin Raihana yana ɗagawa, ya daɗe kafin ya sake ɗagawa. Haliru ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta, ya kama su, ya ji su sanyi ƙalau. Kuka ya zo masa, bai ɓoye ba.

Sai aka ji ƙwas, daga bayan katanga.

Can kuma, ƙwas. Bugun tsoho ne, yana yi yana hutawa, ana jin tarinsa a tsakani. A gidan Haliru kowa ya zuba wa gindin katanga ido. Aka ji ɓawon siminti ya fashe, aka ji ana jan wani abu, sannan muryar Inna Asabe tana bismilla. Layar ta taso ta saman katanga a naɗe cikin tsumma mai tsabta, Malam ya miƙe ya karɓa da hannu biyu. Da aka zare ta, sai simintin da ya gagari guduma ya saki jikin ramin. Kabiru ya sa sanda ya ja, ya fito guntu-guntu.

Ruwa ya biyo baya. Ruwan wanke-wanke ne mai kumfar sabulu, ya ratso rariya, ya bi tsohuwar hanyarsa, ya shige ƙarƙashin rudun albasa.

"Na tahi," in ji muryar, a hankali. "Assalamu alaikum."

Raihana ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki. A bayan katanga kukan jinjiri ya tashi, kowa ya ji shi sarai, sannan ya yanke lokaci ɗaya, yadda yaro ke yi in an sa masa nono. Yarinyar ta buɗe ido ta dubi uwarta, ta dubi yatsunta.

"Inna, mi yas samu hannuna?"

Uwaliya ta rungume ta.

Haliru ya rarrafa zuwa gindin katanga. Ya kwanta a cikin caɓin, ya kai bakinsa ramin rariya. Ta ciki yana hango ƙafafun tsohon, da ƙurar siminti a kansu.

"Baba, Allah shi saka da alheri. Gobe da sahe in tahi kotu in janye ƙarata, in hwaɗa ma alƙali ni niy yi ƙarya."

Ƙafafun ba su motsa ba. Da muryar ta zo, ba fushi a cikinta, sai gajiya.

"Bar shi yadda alƙali yay yi. Don yarinya na yi."

Ƙafafun suka juya suka tafi. Haliru ya sake kiran Baba, ya sake kira, ruwan yana jiƙa masa gemu. Babu wanda ya amsa.